Us (albam ɗin Peter Gabriel)

Us albam ne na mawaƙin Ingila Peter Gabriel, ya fito ƙarshen watan Satumba 1992, kuma shi ne na shida da ya yi shi kaɗai tun da ya bar ƙungiyar Genesis a 1975. Waƙoƙi 10 ne a ciki, shi da Daniel Lanois suka haɗa kiɗan.

Asali

An haifi Gabriel a 1950, da shi aka kafa Genesis a 1967 suna 'yan makaranta, ƙungiyar da tai suna wajen dogayen waƙoƙin rok masu sassa-sassa. A lokacin labaran almara yake rerawa, ya hau dandamali da shigar ban mamaki fuska a rufe, to a Us kam kansa ya tona. Aurensa da Jill Moore da aka ɗaura a 1971 ya mutu wajajen 1987, soyayyarsa da 'yar fim Rosanna Arquette ita ma ba ta ɗore ba, ga shi tsakaninsa da 'yarsa an yi nisa, har ya ɗau shekaru yana zama da masu ba da shawara kan damuwar zuciya, duk wannan ne ya zuba a albam ɗin bai rage komai ba.

Waƙoƙi

Waƙar farko, Come Talk to Me, roƙo ne uba yake yi 'yarsa ta zo su yi magana, da muryar mawaƙiya Sinéad O'Connor da gangunan sabar na Sanagal a ƙasa suna tafiya kamar bugun zuciya. Gaskiya duk mai ɗa sai ta taɓa shi. Digging in the Dirt kuwa fushinsa yake haƙowa don ya gano inda aka ji masa ciwo, a bidiyon ma an binne shi cikin ƙasa dodon koɗi na bin fuskarsa, bidiyon ya ci kyautar waƙa ta Grammy. Steam ce mai ɗan rawa-rawa.

Mafi yawan aikin a situdiyonsa Real World da ke ƙauyen Box a Ingila aka yi, wani sashe a Dakar da New Orleans.

Karɓuwa

Ya kai lamba 2 a Birtaniya da Amurka. Wasu na ganin bai kamo albam ɗinsa So na 1986 ba, wasu sun ce ya fi shi zurfi. Rangadin Secret World ya biyo baya a 1993 zuwa 1994, inda yake buɗe wasa daga cikin jan ɗakin tarho irin na titin Ingila, riƙe da kan waya yana kira.