Rabe-raben ƙasa a ƙidayar jama'a: misalin Jos

Rabe-raben ƙasa a ƙidaya su ne iyakokin da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa take bi wajen tattara alƙaluma da fitar da su. A Najeriya ana farawa daga ƙasa baki ɗaya, sai jihohi 36 da Babban Birnin Tarayya, sai ƙananan hukumomi 774, sannan garuruwa da ƙauyuka. Mafi ƙanƙanta shi ne yankin ƙidaya, wato gungun gidajen da ake ware wa ma'aikatan ƙidaya su zagaya.

Wanda ya nemi yawan mutanen Jos a sakamakon ƙidayar 2006 ba zai tarar da layi ɗaya mai wannan suna ba. Birnin ya ratsa ƙananan hukumomi. Gangare, Unguwar Rogo da Rikkos suna Jos ta Arewa, Bukuru da Rayfield kuwa suna Jos ta Kudu, ga kuma Jos ta Gabas mai hedikwata a Angware, wadda galibinta karkara ce. Saboda haka duk adadin da aka ce na "Jos" ne, sai an tambaya waɗanne aka haɗa.

Mazaɓa ma kan ruɗa mutane. Ali Kazaure, Abba Na Shehu da Garba Daho mazaɓu ne da hukumar zaɓe take aiki da su, kuma rajistar masu zaɓe 'yan shekara 18 zuwa sama kaɗai ta ƙunsa, waɗanda suka je suka yi rajista. Ba ta maye gurbin ƙidaya.

Iyakoki kuma suna sauyawa. A 1991 aka raba tsohuwar ƙaramar hukumar Jos zuwa Jos ta Arewa da Jos ta Kudu, Jos ta Gabas ta biyo baya a 1996, shekarar da aka cire Nasarawa daga Filato. Ashe ke nan Filaton da aka ƙidaya a 1991 ta fi ta 2006 faɗi, kuma jera alƙaluman biyu kai tsaye kuskure ne. A 2006 Filato, mai ƙananan hukumomi 17, tana da mutum 3,206,531 cikin 140,431,790 na ƙasa.

Ƙidayar 2006 ta lissafa mutum a inda aka same shi, kuma ba ta tambayi addini ko ƙabila ba, abin da ya kamata mai bincike kan Jos ya sani tun farko. An ɗage ƙidayar da aka shirya yi a 2023, don haka alƙaluman shekarun da suka biyo bayan 2006 hasashe ne da aka gina a kanta.