Sabon kompaila, tsohon laburare: wa zai gyara?

Mene ne kompaila, kuma me ya haɗa shi da laburare?

Kompaila manhaja ce da ke juya abin da mai rubuta kod ya rubuta, misali da harshen C, zuwa yaren da na'ura ke ji. GCC da Clang na cikin manyansu. Laburare kuwa tarin kod ne da ake bari a fili, kowa ya ɗauka ya yi gini a kai. Da yawa 'yan sa-kai ne ke riƙe da su, bayan sun tashi daga aikin da ke ciyar da su.

To me ke sa kod ɗin da ke aiki jiya ya ƙi haɗuwa yau?

Kompaila ne ya daina kawar da kai. Tun 1999 ƙa'idar harshen C da ake kira C99 ta soke kiran wani aiki a cikin kod ba tare da an riga an bayyana shi ba, amma shekara da shekaru gargaɗi kawai ake yi. Clang 16 a 2023, sannan GCC 14 a 2024, suka mayar da shi kuskuren da ke tsayar da aiki. A 2025 GCC 15 ya koma bin sabuwar ƙa'ida, C23, inda kalmar bool (mai wakiltar gaskiya ko ƙarya) ta zama ta harshen kansa, sai tsoffin laburaren da suka ƙirƙiri tasu bool suka fara karyewa.

Ai da ya ƙi haɗuwa an gani, ina matsalar?

Ba kullum ake gani ba, kuma nan ne abin ya fi damuna. Laburare da yawa suna fara gwada na'ura da ƙananan shirye-shirye kafin gini, don su san abin da take da shi. Idan sabon kompaila ya ƙi tsohon gwajin, sai a ɗauka na'urar ce ba ta da abin, a yi ginin ba tare da shi ba, shiru. Masu aikin Fedora da Gentoo, nau'o'i biyu na tsarin kwamfuta na Linux, sun sha wahala suna bin irin waɗannan ɗaya bayan ɗaya.

Me zai hana a bi sabon kawai?

Masu tsoffin na'urori fa? Daniel Stenberg ya bar curl, manhajarsa ta aikawa da karɓar bayanai ta intanet, a kan tsohuwar ƙa'idar C89 don ya ci gaba da haɗuwa a ko'ina. Mai kula da ƙaramin laburare yana tsaka mai wuya: wannan ya ce a sabunta, wancan ya ce kada a taɓa, shi kuwa kwamfuta ɗaya gare shi. Gajiyar nan ba abin wasa ba ce. Lasse Collin, mai kula da xz, manhajar matse fayiloli, ya daɗe yana ɗauke da kayan kusan shi kaɗai kafin wani ya shigo da sunan taimako, ya dasa ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse cikin kwamfuta, da aka gano a 2024.

Ni mai amfani, me zan yi?

In za ka kai rahoton matsala ga mai kula da laburare, ka faɗi sunan kompailanka da lambarsa, ka liƙa saƙon kuskuren gaba ɗaya, in da hali ka haɗa da gyaran. Idan kamfaninku na cin abinci da laburaren, ku ba mai kula da shi na'urar gwaji ko ku biya lokacinsa.