Wai kotun ƙoli ta halatta caca? Ku zo mu duba abin da ta yanke

Ranar nan ina zaune majalisarmu ta Tudun Wada a Gusau wani matashi ya zaro 'yar takardar bet daga aljihu, duk ta yamutse, yana cewa "ai yanzu ba mai taɓa mu, kotu ta ce an bar kowa shi yi." Kafin ya rufe baki wani dattijo ya ce shi kuma abin da ya ji a wasap shi ne an haramta caca a Najeriya baki ɗaya. Toh duka biyun ba haka ba ne, kuma ya kamata mu gane saboda abin ya dawo ƙofar gidanmu.

A 2005 aka yi dokar caca ta ƙasa, ita ta kafa hukumar tarayya mai ba kamfanonin caca da lotiri lasisi daga Abuja. Jihar Legas ta kai ƙara a 2008 ta ce wannan ba hurumin tarayya ba ne. Shari'a ta yi ta ja har ranar 22 ga Nuwamba 2024, alƙalai bakwai na kotun ƙoli suka haɗu a kan cewa caca ba ta cikin jerin abubuwan da tsarin mulki ya keɓe wa majalisar tarayya, don haka dokar ba ta aiki a jihohi, sai Abuja kawai. Kotu ba ta ce caca halal ce ba, ba ta ce haram ce ba, tambayar da aka yi mata ita ce wa ke da ikon yin doka a kai, ta ce majalisun jihohi.

Hukuncin ya shafi kowa a harkar, kamfani, mai shago, wakili, da mai bugawa.

A Zamfara fa tun 2000 muke ƙarƙashin dokar shari'a, kuma wannan hukunci bai goge ko harafi ɗaya daga dokokin jiha ba. Abin da ya cire shi ne hujjar nan ta "ina da takarda daga Abuja" da mai shago zai ɗaga idan an zo rufe masa. Legas ta zaɓi ta ba da lasisi ta karɓi haraji da hukumarta, wannan nasu ne, lasisin Legas bai zama izini a Kaura Namoda ba.

Yanzu ga inda mutane suke rikicewa. Sashe na 128 na tsarin mulkin 1999 ya ba majalisar jiha ikon bincikar duk wani mutum ko hukuma da ke aiwatar da dokokinta ko ke kashe kuɗin da ta ware, amma da sharaɗi, sai a kan abin da take da ikon yi wa doka. Ka ga a da ɗan majalisa zai iya noƙe kafaɗa ya ce caca harkar tarayya ce, yanzu wannan ƙofar ta rufe. Ko jiha ta kafa hukumar ba da lasisi ko ta ce hanawa za a yi ta ɗora aikin a kan Hisbah, majalisa na iya kiran shugaban hukumar ya zo ya faɗi shago nawa aka rufe, tara nawa aka karɓa, kuɗin ina suka shiga, tunda sashe na 120 ya ce kuɗin shigar jiha asusun jiha za su tafi ba aljihun wani ba.

Kuma kiran ba roƙo ba ne. Sashe na 129 ya ce wanda aka kira ya ƙi zuwa ba tare da uzuri ba majalisa na iya fitar da sammaci 'yan sanda su kawo shi, har a ci shi tara kan ƙin zuwan. Amma kar a ɗauka majalisa kotu ce, ba ta yanke wa mutum hukuncin ɗauri kan laifin caca ko cin kuɗi, ita dai ta tona ta rubuta rahoto, hukunci na alƙali ne. Masu cewa wai 'yan majalisa za su fara kama yara masu bet su kwantar da hankali, ba aikinsu ba ne.

Ni abin da ke ci min rai wallahi shi ne a kullum ƙaramin ake kamawa. Ɗan wani maƙwabcina kuɗin kayan shagon ubangidansa ya zuba a wasan ƙwallo ɗaya, bai taka shagon caca ba, a waya ya yi, yana kwance a ɗaki da dare, uwarsa ta sayar da akuya biyu aka biya. A rufe shaguna ɗari wayar nan tana aljihunsa, kamfanin kuma yana can nesa yana ƙirga riba. Mambobi 24 gare mu a majalisar dokokin jiha da ke Gusau, kowa ya san nasa, in ka haɗu da shi wajen ɗaurin aure ko ta'aziyya tambaye shi wace doka suka tanada kan cacar waya, kuma yaushe rabon da kwamitinsu ya kira masu aiwatarwa su yi bayani a bainar jama'a.