Zaɓen Tsirran Lambu Masu Jure Fari ko Kwanciyar Ruwa

Zaɓen tsirrai bisa yanayin ƙasa shi ne daidaita abin da za a shuka da yawan ruwan da fili yake riƙewa a watan da ya fi tsanani, ko na ƙarancin ruwa ko na yawansa. A ƙasar Hausa an daɗe da raba filaye biyu: jigawa, wato tudu mai yashi da ruwa ke zirarewa, da fadama mai laka da ruwa ke kwanciya. Sau da yawa dashen da ke mutuwa a lambun gida da harabar makaranta ba cuta ce ke kashe shi ba, an dai dasa shi ne inda saiwarsa ba za ta iya zama ba.

Gane irin ƙasar

Ruwan sama a Zinder kusan milimita 400 ne a shekara, a Kano kusan 800 zuwa 900, a Kaduna kuwa ya haura 1,000, kuma mafi yawansa yana sauka ne daga Yuni zuwa Satumba. Amma wannan lissafin gari ne. A cikin gida ɗaya ana iya samun gefen da ke bushewa da hantsi da kuma kwarin da indararo ke zuba, don haka kowane wuri a gwada shi daban.

A haƙa rami mai zurfin santimita 30 da faɗi kamar haka, a cika shi da ruwa, a bari ya tsotse, sannan a sake cikawa a riƙa auna saukarsa da sanda. Idan yana sauka santimita 3 zuwa 5 a awa ɗaya, ƙasar ta dace da kusan kowane kayan lambu. Idan ya ƙafe cikin 'yan mintoci, yashi ne zalla. Idan an kwana ruwan na nan, wurin kwanciyar ruwa ne. Launin ƙasar ramin ma shaida ne: toka-toka mai ɗige-ɗigen tsatsa na nuna ruwa ya saba daɗewa a wurin, ko da an haƙa a tsakiyar rani. Ciyayin da suka fito da kansu su ma suna faɗa. Sabara da tumfafiya na busasshiyar ƙasa mai yashi ne, giyayya kuwa ta bakin tafki ce da kwarin da ke cika da damina.

Masu jure fari

Kowane tsiro da dabararsa. Aduwa da magarya da gawo suna tura saiwa can ƙasa inda laima take. Kuka tana tara ruwa a gangar jikinta, ta zubar da ganye da rani. Zogale yana da saiwa mai kauri kamar rogo. Gawo shi ne ya saɓa wa sauran, domin da damina yake zubar da ganye, ya tofo da rani, shi ya sa gero ke yin kyau a gindinsa ba tare da inuwa ta danne shi ba.

A lambun gida mai yashi, zogale da lalle da magarya su ne suka fi saurin biya. Lalle yana yin shinge mai kyau idan an dasa shi da tazarar santimita 30 zuwa 50. Akwai magaryar da aka yi wa aure da irin Indiya, wadda cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa; 'ya'yanta sun ninka na gida girma, gindin kuwa na gida ne mai jurewa. Daga kayan miya, yakuwa da rama da wake sun fi tumatir da tattasai haƙuri idan ruwa ya ɗauke mako biyu.

Babban kuskure a nan shi ne ɗaukar cewa itacen da ke jure fari yana jure shi tun daga ranar dashe. Ba ya iyawa sai saiwarsa ta kama. A dasa a farkon damina, bayan ruwa ya zauna, a rami mai zurfin santimita 40 zuwa 50 da aka gauraya ƙasarsa da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa. A ranin farko a ba kowane dashe kamar lita 10 sau ɗaya ko biyu a mako. Yayyafin kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama, ranar da aka fasa bayarwa kuma tsiron ya yi yaushi. A rufe gindin da kara ko busasshiyar ciyawa, amma a bar tazarar tafin hannu tsakaninta da jikin itacen saboda gara. Irin kuka da na bagaruwa suna da ɓawo mai tauri. Sai an jiƙa su da ruwan zafi sun kwana, ko an ɗan kankare su, kafin su tsira da wuri.

A kan fako, inda ƙasa ta daskare ruwa ke gudu a kanta, manoman yankin Tawa suna haƙa tassa: ƙananan ramuka masu faɗin santimita 20 zuwa 30 da zurfin 10 zuwa 15, a tara ƙasar a gefen gangare, a zuba taki cikin tafi ɗaya ko biyu, a shuka a ciki.

Masu jure kwanciyar ruwa

Saiwa tana numfashi. Idan ruwa ya cike ƙofofin ƙasa, iska ta ƙare, saiwar ta ruɓe, ganye ya yi rawaya ya lanƙwashe tamkar mai jin ƙishi. Nan ne mai lambu kan ƙara ruwa, ya ƙarasa tsiron. Kafin a ƙara, a tona gindin da yatsa. Idan ƙasar na da jiƙa kuma tana warin ruɓa, matsalar yawan ruwa ce.

Gwanda na iya mutuwa idan ruwa ya kwanta a gindinta kwana ɗaya ko biyu. Zogale da lemo da albasa da tumatir su ma ba sa ɗaukar wannan. Shinkafa da gwaza suna da hanyoyin iska a cikin jikinsu da ke kai numfashi zuwa saiwa, saboda haka suke rayuwa a taɓo. Rake yana son laima sosai, kuma idan ya girma yana jure ambaliyar ɗan lokaci. Ayaba tana yaudarar mutane: tana shan ruwa da yawa, amma ruwan da ke wucewa take so, kamar bakin kwatar wanka, ba wanda ya tsaya ba.

In dole sai an shuka kayan miya a irin wannan wuri da damina, a ɗaga kunya santimita 20 zuwa 30, a buɗe magudana zuwa inda ya fi gangare. Kada a haƙa rami cikin laka a cika shi da yashi. Ramin yakan zama kamar tukunya, ruwan kewaye ya taru a ciki. Zuba yashi kaɗan a laka ma ba ya gyara ta, takin gargajiya da ake sawa shekara bayan shekara shi ne ke sassauta ta. Kachalla kuwa, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, kada a kawo ta kusa da tafki ko magudana, domin ita ce ta toshe hanyoyin ruwa da gonaki masu yawa a dausayin Haɗeja da Nguru.

Filin da ke yin duka biyun

Wannan shi ne mafi wuya, kuma ya fi yawa fiye da yadda ake zato: baƙar laka da ke cika da ruwa a Agusta, ta tsattsage a Maris. Masu jure fari zalla suna ruɓewa da damina, masu son ruwa zalla suna bushewa da bazara. Bagaruwa tana ɗaukar duka biyun, haka giyayya, goba ma tana jure ambaliyar kwanaki da fari matsakaici. Jema, ciyawar da saiwarta ke nutsawa sosai, tana riƙe bakin kunya da gaɓar rafi idan an dasa ta a jere da tazarar santimita 10 zuwa 15. Itacen turare ma yana jurewa, sai dai yana zuƙe laimar da ke kewaye da shi, don haka a nisanta shi da fangalin kayan miya da rijiya da harsashin gini. A irin wannan fili an fi dasa itace a ƙarshen damina, bayan ruwa ya janye ƙasa na da sauran laima, a kan ɗan tudu da aka tara, sannan a shayar da shi har ya ƙetare ranin farko.