Taken labari da na talla: tambayoyin da ake yawan yi min

Wai me ya sa ake damuwa da take haka, ba labarin ne mai muhimmanci ba?

Labarin ne, amma sai an buɗe shi ai. Mutum yana riƙe da waya yana ta jan allo da babban yatsa, data na ƙarewa, layi ɗaya kawai zai gani kafin ya wuce, to in layin nan bai faɗa masa komai ba shikenan wahalarka ta tafi a banza.

To me ya kamata ya shiga ciki?

Wa ya yi, me ya yi, a ina. A Hausa mun saba cewa "gobara ta ƙone shaguna 20 a kasuwa", aikin ya riga ya faru, sai ka ga masu fassara daga Turanci sun rubuta "gobara tana ƙone shaguna" alhali tun jiya aka kashe wutar. Kuma kada ya yi tsawo, Google kan yanke take idan ya wuce wajen haruffa 60, don haka sa muhimmin abin a farko.

Na talla fa? Ni atamfa nake sayarwa a status.

Hajiya, nan ne ake asara wallahi. Kullum sai in ga "Sabbin kaya sun iso, ku garzayo", wane kaya? Nawa? A ina? Kwatanta da wannan: "Atamfa yadi 6, naira dubu 15, ana kaiwa har gida a cikin Kano". Wadda take nema ta gama lissafinta kafin ma ta yi miki magana, wadda kuɗinta bai kai ba kuma ba za ta cika miki inbox da "nawa ne" ba. Ɓoye farashi da "ki biyo ni ta DM" yana korar kwastoma fiye da yadda kike zato, da yawa kunya ce take hana su tambaya, suna tsoron a faɗi kuɗin su kasa saye.

Amma ai "Da ɗumi-ɗumi" da "Innalillahi" suna jawo mutane sosai?

Suna jawowa, na kwana biyu. Wannan abin yana ci min rai matuƙa, a sa hoton jarumin Kannywood a rubuta Innalillahi a sama, gaban mutane ya faɗi, 'yan uwansa su hau kiran waya, ka buɗe ka tarar wayarsa ce aka sace. Kalmar da muke faɗa idan an yi mutuwa ce fa. Wanda ka yaudara sau biyu ba zai ƙara danna shafinka ba ko ranar da kake da labarin gaske. Haka idan zargi ne a rubuta "ana zargin", kar take ya yanke wa mutum hukunci kotu ba ta yanke ba.

Haruffa masu lanƙwasa dole ne?

A cikin take kam ka daure ka sa. "Baki" daban "baƙi" daban, "kafa" daban "ƙafa" daban, kuma a layi ɗaya babu sauran bayanin da zai warware wa mai karatu. Gboard, wato keyboard ɗin Google na waya, yana da Hausa, minti biyu ne ka ƙara shi a saitin wayarka.