Abincin masana'anta mai tsananin sarrafawa

Abincin masana'anta mai tsananin sarrafawa shi ne abinci ko abin sha da ake harhaɗawa a kamfani daga sinadaran da aka tatso daga amfanin gona, irin su sitaci da sukari da mai da furotin, a ƙara musu launi da ƙamshi da abubuwan hana lalacewa waɗanda ba a samunsu a madafar gida. A shagunan Katsina da Daura, wannan rukuni ya ƙunshi lemon kwalba da na roba, biskit, alawa, cingam, taliyar leda mai saurin dahuwa, da garin lemo da ake damawa a ruwan sanyi.

Farfesa Carlos Monteiro na Jami'ar Sao Paulo a Burazil ne ya fito da wannan rabe-rabe a 2009, daga baya shi da abokan aikinsa suka tsara shi a ƙarƙashin sunan NOVA, mai rukuni huɗu. Na farko shi ne abin da bai sauya sosai daga yadda ya fito gona ba, kamar gero da wake da nono da zogale. Na biyu kayan girki ne, wato gishiri da mai da sukari. Na uku kuwa abin da aka sarrafa ta hanyar haɗa waɗannan biyun. Na huɗun ne ake magana a kansa a nan. Ya kamata a lura cewa sarrafawa ita kaɗai ba aibu ba ce, domin daddawa da ƙuliƙuli da kilishi da fura duk sarrafa su ake yi, amma kowace mace da ta iya girki za ta iya lissafa abin da ke cikinsu, saɓanin jerin sinadaran da ke bayan ledar biskit.

Illolinsa ga lafiya

Gwajin da aka fi kafa hujja da shi an yi shi ne a 2019 a Cibiyoyin Kiwon Lafiya na Ƙasa na Amurka, ƙarƙashin jagorancin Kevin Hall. An ajiye manya 20 a asibitin bincike, aka ba su abincin masana'anta na mako biyu da abincin da ba a sarrafa sosai ba na mako biyu, bayan an daidaita yawan sukari da mai da gishiri da harza a abin da ake gabatar musu, kuma aka bar kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke bai wa jiki) kusan 500 a kullum, sun fi saurin ci, kuma nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo 1. Mutanen ba su da yawa, lokacin ma gajere ne, amma sakamakon ya nuna cewa matsalar ta wuce yawan sukari ko mai, wataƙila ta shafi yadda aka tsara abincin ya yi laushi, ya wuce maƙogwaro kafin ciki ya sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi.

A Faransa, wani bincike da ya bi diddigin mutane sama da 100,000, wanda aka buga a 2018, ya gano cewa duk ƙarin kashi 10 cikin 100 na irin wannan abinci a cimar mutum yana tafiya da ƙarin kusan kashi 12 cikin 100 na haɗarin kamuwa da ciwon daji. A 2024 mujallar likitanci ta BMJ ta buga nazarin da ya tattaro bayanan mutane kusan miliyan 10, ya danganta yawan cinsa da matsaloli 32, ciki har da ciwon suga da cututtukan zuciya da ƙiba da ciwon damuwa. Irin waɗannan nazarce-nazarce alaƙa suke nunawa, ba su tabbatar da cewa abincin shi kaɗai ne sanadi ba, tunda masu yawan cinsa sukan bambanta da wasu a sha'anin motsa jiki da shan taba da samun kuɗi.

Batun jaraba

A nan ne masana suka fi saɓani. A cikin abin da ƙasa ke fitarwa ba kasafai ake samun sukari mai yawa da mai mai yawa a abu guda ba: zuma tana da zaƙi amma babu mai, gyaɗa tana da mai amma zaƙinta kaɗan ne. Masana'anta kuwa tana haɗa su, ta cire dusar da ke rage saurin narkewa, sai sukarin ya isa jini da gaggawa, ya motsa sinadarin dofamin a sashen ƙwaƙwalwa da ke sa mutum ya so maimaita abin da ya ji daɗinsa, sashen da nikotin na taba ke taɓawa. A 2009 Ashley Gearhardt da abokan aikinta a Jami'ar Yale suka tsara ma'aunin jarabar abinci, wanda ke duba alamu kamar kasa dainawa duk da an yi niyya, da ci gaba da ci bayan an san yana cutarwa. Wani nazari na 2023 da ya duba bincike 281 daga ƙasashe 36 ya ƙiyasta cewa kashi 14 cikin 100 na manya da kashi 12 na yara suna nuna waɗannan alamu. Duk da haka, manyan kundayen da likitoci ke amfani da su wajen tantance cututtukan ƙwaƙwalwa ba su sanya jarabar abinci a matsayin cuta mai zaman kanta ba, kuma akwai masanan da ke ganin abin bai wuce sabo mai ƙarfi ba. Tarihin masana'antar dai yana ƙara wa masu zargi ƙarfi, domin kamfanin taba na Philip Morris ya sayi kamfanin abinci na General Foods a 1985, sannan na Kraft a 1988.

A ƙasar Katsina

A Amurka da Birtaniya wannan abinci ya zarce rabin kalorin da mutane ke ci. Ƙasar Katsina ba ta kai nan ba, domin tuwo da fura da koko da ɗanwake har yanzu su ne ginshiƙin cima, sai dai sauyin a fili yake: teburin mai shayi ya zama wurin soya taliyar leda da ƙwai, lemon roba ya shiga kayan buɗa-baki da na walima inda a da kunu da zoɓo suke, dunƙulen ɗanɗano mai yawan gishiri kuma yana rage wa daddawa matsayi a tukunyar miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da babba ke ci ya kai giram 5 a rana, kuma sukarin da ake ƙarawa ya tsaya ƙasa da kashi 10 cikin 100 na kalorinsa. Abin da ya fi tayar da hankali a nan shi ne yaron da aka cika wa ciki da biskit da alawa a yankin da tamowa ba ta gushe ba, domin ya ƙoshi amma bai sami abin gina jiki ba. Ko da yake haɗin gyaɗa da madara da ake bai wa yara masu tamowa a asibitoci shi ma a masana'anta ake yin sa, magani ne da ake bayarwa bisa awo, ba ya cikin abin da ake gargaɗi a kai.

Gwamnatin Najeriya ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari a Dokar Kuɗi ta 2021, aka fara karɓarsa a 2022, amma hauhawar farashi ta mayar da shi ɗan ƙaramin kaso na kuɗin kwalba, abin da ya sa masu fafutukar kiwon lafiya ke neman a ƙara shi. Ƙasar Chile kuwa tun 2016 ta wajabta manna baƙin tambarin gargaɗi a gaban duk kayan da sukari ko gishiri ko kitse ya yi wa yawa.