Shin Linux na matasa ne kawai?

An daɗe ana ɗauka cewa manhajojin tafiyar da kwamfuta waɗanda kowa ke da damar duba tushensu ya gyara, irin su Linux, sun fi ƙarfin dattawa. Wannan zato ya samo asali ne daga shekarun 1990, lokacin da girka Linux ke buƙatar rubuta umarni a kan baƙin allo, amma tun fitowar nau'o'in Linux masu sauƙin amfani, irin su Ubuntu a 2004 da Linux Mint a 2006, lamarin ya sauya, domin yanzu da danna alama kawai ake shiga intanet ko a rubuta wasiƙa.

Waɗanda suka aza harsashin wannan fanni ma yau sun manyanta. An haifi Richard Stallman, wanda ya ƙaddamar da shirin GNU na samar da irin waɗannan manhajoji a 1983, a shekarar 1953, shi kuwa Linus Torvalds, da ya fitar da Linux a 1991, an haife shi a 1969. Duk dattijon da ke riƙe da wayar Android kuwa, ko bai sani ba, yana aiki ne da tsarin da aka gina a kan Linux.

A ganina, sabo ne ainihin abin da ke ba mutum wahala, domin wanda ya shekara 20 yana amfani da Windows zai ɗan rikice da farko, ko shekarunsa 35 ne ko 70. Raunin gani, wanda shi ne ya shafi tsufa kai tsaye, an yi masa tanadi, tunda ana iya ƙara girman rubutu, kuma manhajar Orca tana karanta wa mutum abin da ke kan allo da murya.